Farcen Ƙaramin Yatsana

Tudun Wada, daren Laraba, Oktoba 1992

Yau na yanke farcen. Shekara goma sha ɗaya ina tara shi a ƙaramin yatsan hagu, tun da na ajiye fartanya a Burumburum na buɗe shagon taki. Duk wanda ya gan shi ya san mai shi ya bar tonon ƙasa.

Mako uku ke nan Malam Bulus na sakandare yana koya mini jita bayan la'asar. Waƙa ɗaya nake so, mai sanyin nan ta soyayya da matata Hajara take bi in an sa a rediyo. Tun da aka sallamo ta daga asibiti tana kwance, kwana biyar rabonta da yi mini magana.

Kullum na zo amshi sai tsirkiya ɗaya ta shaƙe. Yau ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba laifin jitar ba ne. Farcen nan ne ya hana ka danne ta." Na ce masa ni ba ɗalibin ajinsa ba ne. Sai ya miƙo mini reza. Na daɗe ina kallonta kafin na karɓa.

Bayan magariba na zauna bakin gadon Hajara na kaɗa, na ɓata sau biyu. Ba ta buɗe ido ba, amma ta ce, "Maigida, saurinka ya yi yawa. A hankali ake binta."

Na koma farko.