Bulon da Na Gina wa Ƙanena Ɗaki da Shi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk mai karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na canja su. Ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, duk da na san na cancanci zagin.

Ni mai buga bulon ƙasa ne a wani ƙaramin gari cikin ƙasar Anka, sana'ar da na gada ke nan. Shekarun baya da gubar dalma ta riƙa kashe mana yara saboda dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje, ina cikin leburorin da aka ɗauka aikin kankare ƙasar gidajen. Da hannuna na zuba ta a buhuna, muka kai wani babban rami a gabas da gari muka binne, aka rufe da ƙasa mai kyau, aka ja mana kunne cewa kada a sake tona wurin har abada. Ba labari na ji ba. Ɗiyata ta fari a ciwon nan ta tafi, tana sanƙarewa a hannun uwarta ina tsaye ina kallo.

To yanzu garinmu ya cika ya batse. Ƴan bindiga sun tayar da ƙauyuka, mutane suna kwana a rumfunan kasuwa da zaurukan dangi, rijiya ɗaya unguwa uku, kowa so yake ya tayar da ɗaki ko da kamar akurki ne. Kududdufin da muke ɗiban ƙasa kuma yana can cikin daji, tun da aka ɗauke abokan sana'ata biyu a wurin ba wanda ya sake leƙawa. Inda ya rage kusa, inda jaki zai je ya dawo lafiya, shi ne wurin ramin nan. Allon gargaɗin da aka kafa ya daɗe da faɗuwa, baƙi ba su san komai ba, ƴan gari kuma kowa ta kansa yake yi. Na ce wa raina ta sama kawai zan ɗiba, ai ita mai kyau ce. Ban yi sati biyu ba diga ta fara fito da yagaggun buhuna. Na gane su sarai, irin ɗaurin da muke musu ma na gane. Na tsaya? Wallahi ban tsaya ba. Na tsince leda na jefar, na kwaɓa da ramno, wato yankakkiyar ciyawar gini, na ci gaba da bugawa. Na ce gubar ta daɗe a ƙasa ta mutu, alhali an gaya mana ba ta mutuwa. Na ce ai bango ne, wa zai ci bango?

Ana haka sai ga ƙanena Bala ya gudo daga ƙauye da matarsa Luba da ɗiyarsu Nana mai shekara biyu, ba su fito da komai ba sai tabarma da tukunya ɗaya. Suka sauka a zauren Inna, mahaifiyarmu. Da damina ta matso Inna ta kira ni.

"Kai ad da bulo, ƙanenka na kwana zaure da mata da ɗiya? Ka yi musu ɗaki kahin ruwa ya sauka."

Na ce, "Inna, ƙasag ga da ni ka aiki da ita ba ta da ƙwari. A ɗan jinkirta."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ba ta da ƙwari kas saida ma rabin gari? Na waje sun hi ɗan'uwanka ke nan?"

Nan ne ya kamata in buɗe baki in faɗi gaskiya, amma kunya ta hana ni. Ta yaya zan gaya wa matar da ta wanke gawar jikarta cewa na koma na tono abin da ya kashe ta? Na gina ɗakin, na yi yaɓe da ƙasar, har daɓen ƙasan ɗakin da ita na yi. Ranar da suka tare Bala ya riƙe hannuna yana hawaye, yana cewa, "Yaya, Allah shi gina maka naka a Aljanna." Na amsa amin da bakin nan nawa. Ni kuwa gidana da tsohuwar ƙasa aka gina shi, ko bulo ɗaya na ramin nan ban yarda ya shiga inda ƴaƴana suke kwana ba. Wannan shi ya fi ci mini rai, don ya nuna tun farko na san abin da nake yi.

Wata biyar ke nan da tarewarsu. Nana da ta zo da surutu kamar aku yanzu sai ta zauna ta zuba wa wuri ɗaya ido, ga amai, ga ciwon ciki, abinci sai an matsa mata. Satin da ya wuce ta sanƙare, idanu suka juye. Inna ta ce iska ce, aka yi turare aka karɓo rubutu. Bala ya ce firgitar harbin da ta ji a ƙauye ce ba ta sake ta ba. Ni kaɗai na san wannan sanƙarewar, na taɓa ganin ta. Na ce a kai ta asibiti a auna jini, Bala ya ce, "Jinin mi? Mu da ba mu taɓa dakan dutse ba?"

Jiya da hantsi na je duba yarinyar. Na yi sallama na ɗaga labule, sai na tarar da Luba, wadda cikinta ya kai wata shida, ta juya baya tana ƙwaƙular bango da cokali. Ta yi wani rami a kusurwa har hannu zai shiga. Ta yi sauri ta goge baki tana dariyar kunya.

"Yaya, don Allah kak ka hwaɗa ma Inna. Cikin ga na, ba abin da ni ka so sai ƙasa. Na ɗanɗana ta maƙwabta, ba ta kai wagga ba. Wagga da kag gina muna ƙamshi gare ta, awa an yi ruwan hwari."

Na ce ta daina, ƙasa ba ta da kyau ga mai ciki. Ta ce duk mata suna ci, Inna ma ta ci da cikina. Na fito ban ko taɓa Nana ba.

Jama'a, idan na faɗa, ba ɗakin Bala kaɗai ba ne, ɗakunan da aka gina da bulon nan da na sayar ni kaina ban san iyakarsu ba, kuma ruwa ya sauka, ina za su koma? A garin nan akwai iyayen da suka binne yara biyu uku a ciwon nan, ban san ko za su bar ni da rai ba, kuma ba zan ga laifinsu ba. Inna ba za ta sake kallon fuskata ba. Idan na yi shiru kuma, na san yanzu da nake rubutun nan cokalin yana hannun Luba.

Tsoro nake ji, kuma na tsani kaina. Ku gaya mini don girman Allah, ta bakin wa zan fara? Me zan yi?