Ranar da Muka Jira Sarkin Noma

Kademi,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ƙanwata Halimatussa'adiya,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidan da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, abin zuba mata ne dai ya yi ƙaranci.

Tun watan jiya na ji wata magana a teburin Ɗantani mai shayi, wai ɗanki Mu'az ya ce shi da Kademi har abada. Ban yarda ba. A teburin nan aka taɓa sanar da rasuwata ina zaune a gida ina cin ɗumame. Amma yau na ga gara in ba ki labarin daga tushe, don wanda ya iso kunnenki rabi ne.

Kin san ni ke shugabantar ƙungiyar manomanmu, daga nan har Toranke. Wata hukuma ta ce za ta raba irin gero mai jure fari, amma sai an yi rajista ta intanet, rana ɗaya tak, daga goma na safe zuwa sha biyu. Mu'az ya ajiye aikinsa na Kano ya zo ya rubuta mana manhaja: manomi ya turo sunansa ta waya, ita kuma ta miƙa wa hukumar.

Na tambaye shi ma'aikata nawa ya zuba a cikin kwamfutar, ya ce ɗaya. Na ce ya daina yi wa kawunsa tatsuniya, mu muka riga shi saninta. Sai ya ce in kalli Ɗantani. Ya ɗora ruwa, bai tsaya gadinsa ba. Ya fasa ƙwai, ya yanka burodi, ya yi gulmar wani, da ruwan ya tafasa ya dawo kansa. Wai haka ma'aikacin nan yake, zagaye yake yi. In ya aika saƙon mutum ba ya tsayawa jiran amsa, sai ya wuce na gaba, duk wanda amsarsa ta iso ya waiwayo shi. Ƙa'idar ɗaya ce: kada a tsayar da shi a kan mutum ɗaya, don in ya tsaya kowa ya tsaya.

Sadiya, ni na tsayar da shi.

Kin san ba a rubuta sunan kowa a gaban na Sarkin Noma Barau, yadda ba a yin huɗa kafin tasa. Na ce sai saƙonsa ya shigo daga Toranke kafin a taɓa na kowa. Mu'az ya ce to, amma bari ya sa iyaka, in an yi minti biyar shiru a ci gaba. Na tambaye shi a gidan wa aka koya masa yanka wa babba lokaci. Ya sunkuyar da kai, ya cire iyakar. Ke kika ba shi tarbiyyar, ni kuma na ɗaure shi da ita.

Ran nan ashe Sarkin Noma ya bar wayarsa wurin mai caji ya tafi bikin suna a garin Balan. Saƙonni suka yi ta shigowa suna jibguwa, ma'aikacin yana tsaye yana jiran mutum ɗaya. Sau uku Mu'az yana roƙona in bar shi ya saki ma'aikacin, sau uku ina cewa yanzu zai turo. Sai sha biyu saura kwata na yarda. Sunayen suka afka wa hukumar gaba ɗaya, nasu wajen ya shaƙe. Cikin mutum dubu biyu da wani abu, arba'in da ɗaya suka shiga.

A ƙofar masallaci aka tare Mu'az. Wani ya kira shi injiniyan shayi, aka yi dariya irin ta masu jin haushi. Wani ya ce dama 'yan Kano ya sayar wa gurbinmu. Ya kalle ni, ni kuma na kalli carbina. Bai ambaci sunana ba har ya hau mota.

Duk Juma'a ina niyyar in miƙe bayan salla in faɗa wa jama'a gaskiya. Juma'a biyar ke nan. Ko na faɗa yanzu, irin ba zai dawo ba, kuma ban ga abin da zai wanke a zuciyar yaron ba. Na kira wayarsa, tana shiga ba ya ɗauka. Na sa an rubuta masa saƙo, an ce ya karanta. Yana can yana zagayensa, yana amsa wa duniya, ban ga alamar zai waiwayo ni ba. Ba na ce ki ba shi haƙuri ba. Ki dai gaya masa Kawu ya san wanda ya tsayar da layin.

Ki gaida mai gidan da yara. Amarya tana gaishe ki.

Yayanki,
Zubair.

Na kusa mantawa. Maganar nan da na ce ban yarda da ita ba, yanzu na yarda. Jiya aka sake faɗa mini, har da cewa Mu'az ya bar wa wani gonarsa ta bayan gari. Wanda ya faɗa mini ya ƙara da cewa yaran yanzu ba su iya jiran manya ba. Har yau bai san shi aka jira ba. Sarkin Noma Barau ne.