Sunana a Ƙarƙashin Jar Fitila

Litinin, 2 ga Oktoba

Na gama girka na'urar da za ta riƙa haɗa aikin manhajar da kowa ya rubuta tana gwadawa da kanta. In wani ya turo ɓarna, fitilar bango ta yi ja, allo ya nuna sunansa. Saura saiti. Asusun kamfani da na'urar za ta riƙa shiga da shi bai fito ba. Torbjörn, abokin teburina, shi ya nema mana. Ya ce, "Sa naka kawai, Lawali. Da ya fito ni zan canza."

Na sa.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Al'adar ofis: wanda ya kunna ja shi ke sayo burodin kirfa ran Juma'a. Tunda da sunana na'urar ke aiki, ko wa ya ɓata ni take nunawa. Na sayo. Ylva, abokiyar aikinmu, ta ce, "Kai dai mai gidan burodin nan ya ba ka 'yarsa." An yi dariya, har da ni.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Burodi kuma. Na tuna wa Torbjörn, ya ce mako mai zuwa. Yawancin ɓarnar tasa ce, ina gani. Matarsa ta haihu, ba ya samun barci, wannan ma na sani.

Talata, 14 ga Nuwamba

A taro Gunilla, shugabarmu, ta ce a hankali yadda mutanen ƙasar nan suke yi, "Lawali, sunanka na yawan fitowa. Lokacin gwajinka kuma ya kusa ƙarewa." Takardar zamana a Sweden a kan aikin nan take rataye. Matata Rakiya da yara na Maraɗi suna jiran in ce su taho.

Na dubi Torbjörn. Yana juya cokali a kofin da babu komai ciki. Mutumin da ya ci tuwo da hannu a ɗakina yana ce mini ɗan'uwa.

In na yi magana, a ce baƙo na neman wanda zai ɗora wa.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Na je wajen masu ba da asusu da kaina. Ashe tun Oktoba suka tura wa Torbjörn. Na canza. Yanzu sunan wanda ya turo take nunawa, ko wane ne, har ni. Ban gaya wa kowa ba.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Ja. Torbjörn. Sunansa ne a allo, kowa na gani.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Ja kuma, sunansa kuma. Gunilla ta daɗe tsaye gaban allo, ta yi tambaya, na amsa iya abin da ta tambaya. Ta ce gobe in zo mu sa hannu a takardar tabbatar da ni a aiki. Ba ta ce in yi haƙuri ba.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Na sa hannu.

Torbjörn ya kawo burodi, gashin gida, ƙasan duk ya ƙone. Ya ajiye ɗaya a teburina. "Ban san yadda zan faɗa ba ne, Lawali." Na ce, "Da baki ake faɗa."

Ban ci ba. Ɓarnarsa ta jiya layin rubutu ɗaya ce, na gyara kafin in tashi, don jan ke damun idona. Burodin na aljihun kwat.