Cinyar gadar da na kai wa Baba

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Mai kula da zauren, a ɓoye sunana da na garinmu, in ba za a ɓoye ba kada ma a sa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma da wuri, don ranar Alhamis nake da amsar bayarwa. Masu wa'azi ku yi haƙuri, na san na yi laifi, ba shi na zo tambaya ba.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Doguwa, na gama sakandare a Tudun Wada, bara aka yi min aure. Babana shi ne sarkin baka, wato shugaban mafarautan yankinmu, maigidana kuma ɗaya ne daga cikin yaransa. Da kakar nan wasu suka cinna wa daji wuta don su koro gafiya da zomo, iska ta juya, wutar ta cinye dawar mutane da ba a kai ga ɗauka ba, ta ci harawar Fulani da bukkokinsu, har wata saniya mai ciki ta ƙone a turke. Har yau ba a san wanda ya kunna ba. Dagaci da ma'aikatan gandun daji suka rufe dajin, ba farauta ba tarko, ko kare aka gani a ciki harbe shi za a yi. Arɗo, shugaban Fulanin, ma cewa ya yi a rufe har abada. Baba ne ya yi ta zarya yana ba da haƙuri, har aka yarda cewa in mafarauta suka kama kansu za a zauna a duba buɗewa. Zaman ranar Juma'a ne, kuma sharaɗin Arɗo shi ne Baba ya dafa Alƙur'ani a gaban kowa ya rantse cewa babu yaronsa da ya shiga.

To maigidana ya shiga. Tun farko na ce masa ya bi 'yan uwansa noman rani kafin a buɗe, ya ce shi ba zai iya zaman tumatir ba, karnukansa ma sun rame. Na ce karnuka ka aura ko ni, muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Ranar Lahadin da ta wuce sai ga shi da gada a buhu.

Ga inda abin ya lalace. A al'adarsu duk wanda ya kashe nama sai ya kai wa sarkin baka cinyar dama, sun yarda wanda ya ci kason sarki karnukansa za su lalace ko bindiga ta fashe masa a hannu. Mutumin da bai ji tsoron dagaci ba, bai ji tsoron gandun daji ba, sai ga shi yana gumi a kan cinya. Na ce masa tunda ka yi sata ka ƙarasa satarka, ka binne ta kawai. Ya ƙi, wai dole ta shiga cikin Baba ko bai sani ba. Shi ne ya ce in dafa in kai, in ce naman akuya ne na sunan da ƙawata ta yi a Yako. Ni ma da karatuna na biye masa, na cika yaji da daddawa don ƙamshin ya ɓuya, na ɗauki kwano na tafi.

Baba yana zaune a zaure yana jin rediyo na ajiye masa. Loma biyu ya yi, ya ɗago ƙashin yana juya shi, sannan ya kashe rediyon. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce min.

"Uwata, akuyar Yako a daji take kwana?"

Ya wanke hannu ya ture kwanon.

"Tashi ki tafi gidanki. Yau ban tambaye ki komai ba. Ranar Alhamis zan tambaye ki, abin da kika faɗa min shi zan dafa Littafi a kai."

Tun ranar ba ni da sukuni. Inna ta biyo ni har gida ta ce in dage a kan akuya, wai in na faɗi haka rantsuwar Baba ta fita, alhakin ya dawo kaina, kuma Allah mai gafara ne. Ta ce gari duka yana jiran a buɗe dajin nan, mafarautan Kiru da Bebeji ma sun aiko suna tambayar ranar da za a buga gangar fita farauta, in na buɗe baki ni za a tsine wa. Na ce mata Inna tsohon nan ya riga ya gane, so kike ya rantse yana jin ɗanɗanon gada a bakinsa? Ta ce ganewa daban, shaida daban, in daina yi mata boko.

Maigidan kuwa ya ce in na faɗa in zauna can gidanmu kada in dawo. Kuma na san halin Baba, ba ya ɓoye abu ko na ɗan cikinsa ne, a gaban dagaci zai faɗa. Za a ƙwace bindigar da karnukan, dajin ba za a buɗe ba, kuma Arɗo da ma neman wanda zai ɗora wa gobarar yake. Ranar da aka yi wutar maigidana ya ce min yana kasuwar Tudun Wada, ban taɓa shakka ba sai yanzu da na ga yadda ƙarya take fita daga bakinsa ba ko gargada. Jiya na tambaye shi kai tsaye, ya ɗauki hularsa ya fita.

Ni ba na son aurena ya mutu, duk da haushinsa da nake ji. Amma Baba bai taɓa yin rantsuwar ƙarya ba, kuma ni ya ɗora wa maganar don ya yarda ba zan yi masa ƙarya ba. Kada wanda ya ce min in yi addu'a kawai, ina yi. Ku faɗa min, in na durƙusa a gabansa ranar Alhamis ya ce Uwata naman mene ne, me zan ce masa?