Kada a Ba Mai Shiɓa Bargon Sandali

Da sunan Allah. Ni ce Mahgul, mahaifiyarku, nake barin wannan wasiyya a gidanmu na Herat. Hankalina garau yake, ido da ƙirji ne suka gaza. Jikata Sitara ke rubutawa, tunda an rufe wa 'yan mata makaranta, alƙalaminta ba shi da wani aiki.

Na ɗaya. Gida naku ne, Jawid da Fariba, a raba yadda shari'a ta ce. Keken ɗinki na Fariba ne. Butar shayi ta tagulla a ba matar Jawid, ta sha wahalar jinyata.

Na biyu. Babban bargon da muke lulluɓe sandali, ɗan teburin nan mai kaskon wuta a ƙasa, da shi mu zura ƙafa a ɗumin garwashi, kada a ba mai shiɓar auduga. Kun saba in sanyi ya matso ku kira shi ya farke ya shiɓe. Kul! Littafin labarin nan da Sitara take karanta mini yana ciki. I, Jawid, wanda ka ce in jefa a tanderu lokacin da ake bi gida-gida ana bincike. Ɗinke shi na yi a kusurwa.

Na uku. Ƙagaggen labari ne, na sani, kun sha gaya mini. Amma matar nan ta ciki, da mijinta ya rasu, 'yarta na zazzaɓi, ba ta da muharramin da zai raka ta asibiti, wallahi ta hana ni cin abinci. Na yi mata faɗa, na yi mata addu'a, matar da ba a taɓa haifa ba! Da Sitara ta karanto inda ta tsaya a bakin ƙofa da takalma a hannu, na ce ta rufe, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Ban iya yi mata komai ba, kamar yadda na kasa yi wa yarinyar da ke rubuta wannan.

Na huɗu. Gabar da kuke yi a kan littafin ta ƙare. Fariba, yayanki ba matsoraci ba ne, 'yarsa yake ji. Jawid, ƙanwarka ba taurin kai gare ta ba, ita ma Sitarar take ji. Wa ke da gaskiya? Ni dai ban sani ba.

Na biyar. Bayan an gama zaman makoki, Jawid, ka farke ɗinkin da hannunka. Ka zaunar da 'yarka da ƙanwarka, ka karanta musu sauran da bakinka. Daga nan in hannunka ya iya, tanderu na nan. Ba na nan balle in hana.

Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri. Ku riƙe juna, ƙafafunku su ci gaba da haɗuwa a ƙarƙashin bargo ɗaya.

In matar littafin ta fita da 'yarta, Jawid, ka zo kabarina ka gaya mini. In ba ta fita ba, ka yi mini addu'a kawai ka koma gida.