Jinin Baba a Kofin Ƙanƙara

Litinin, 3 ga Maris
An kwantar da Baba a asibiti. Hantar ce dai. Tun jiya yake magana ba kan gado, hannuwa na rawa. Likita ta ce idan hanta ta gaza, wata guba, amoniya, takan taru a jini ta hau kai. Za a auna. Yaya ya bugo waya ya ce tsufa ne kawai. Shi daga nesa yake duba marasa lafiya.

Talata, 4 ga Maris
Ɗakin gwaji sun ƙi karɓar jinin. Ya daɗe a kan tire, ba a kuma sa shi a ƙanƙara ba. Wai a haka amoniya ƙaruwa take a cikin kwalba, sakamakon ya fito da ƙarya. Aka sake huda bawan Allah. Wannan karon nas ta hana shi dunƙule hannu, wai shi ma yana ƙara amoniyar, ta nutsa kwalbar a kofin ƙanƙara, ta fita da sauri. Na bi ta har ƙofa kamar jela.
Amoniyar ta hau sosai.

Alhamis, 6 ga Maris
Bai gane ni ba. Ya ɗauka ni nas ce. Ina goge masa baki ya ce, “’Yar nan, ina da ɗiya kamar ki. Taurin kai, irin nawa sak. Duk gidan ita ce mai hankali, amma ba a gaya mata.”
Na ce me ya sa?
“Kanta zai kumbura.”
Na shiga banɗaki na yi kuka. Tun da nake, bai taɓa yaba mini ko shayi ba.

Asabar, 8 ga Maris
Maganin sa zawo suke ba shi, ta nan gubar ke fita. Wanki, wanki, wanki.

Talata, 11 ga Maris
An sake aunawa. Ta sauka. Likita ta ce shi ta fi duba, ba lambar ba, ta nuna ni, ta tambaye shi wace ce wannan.
Ya kalle ni sama da ƙasa. “Autata ce. Har yanzu ba ta iya gyara filo ba.”
Alhamdulillah, ya dawo. Haka na gaya wa Yaya, kuma da gaske nake.
Da a da ne, da na mayar masa da magana. Yau sai na gyara filon na ce, “To, Baba.” Ya daɗe yana kallona, ya ce ko ba ni da lafiya ne.