Kada Ki Ja Kujera Kusa da Tala

Irbid, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Rasha,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki Nidal da 'yarku Tala. Mama ta ce kullum kina barin Tala a ɗaki da littafi ki tafi tsinkar zaitun. Haba Rasha, yarinya 'yar shekara tara! Kin cire ta daga makaranta, kuma kin ƙi zama da ita. Na ji Nidal ya rantse in ta faɗi jarrabawar ƙarshen zango zai mayar da ita aji. Shekarata ashirin ina koyarwa. Zan zo in zauna da ita.

Ki huta lafiya.
Yayarki Maisun

Salt, 8 ga Nuwamba

Yaya,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Kada ki zo. Haka kika zauna da ni shekara goma sha biyu, kafin in gama karanta tambaya kin faɗi amsa. Ranar babbar jarrabawa na waiwaya ba kya nan, na miƙa takarda fara fat. Kuka ce zazzaɓi ne. Wallahi lafiyata ƙalau.

Tala a aji kwafar aikin ta kusa da ita take yi, shi ya sa na cire ta. Yanzu aiki uku nake rubuta mata, ta zaɓi na farawa. In ta maƙale, sai ta gwada sau uku kafin ta kira ni. Makon farko ta yi kuka har da jifa da fensir. Ina bayan ƙofa, ni ma kukan nake, amma ban buɗe ba. Nidal ya yi ta rantsuwarsa.

Ki gaida yara.
Rasha

Irbid, 15 ga Nuwamba

Rasha,

Bayan gaisuwa, maganarki ta yi mini ciwo, ban taɓa sanin haka aka yi ba. Duk da haka na zo ran Alhamis kina gona. Na tarar da Tala tana fama da lissafin rabawa, na ja kujera. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Inna, dakata, saura mini gwaji ɗaya." Ni za ta ce wa dakata! Na dakata, ta gama, kuma amsar ba daidai ba ce. Ban gyara mata ba, amma ki sani, a haka za ta iya faɗuwa.

Allah ya kyauta.
Maisun

Salt, 10 ga Disamba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na sani, na ga kuskuren, kwana biyu ta yi kafin ta gano shi. Nidal har ya sayo kayan makaranta ya rataye inda zan riƙa gani. Bai isa ya sa in sauya ba.

Jarrabawar ran Lahadi ce, a tsohuwar makarantarta za ta rubuta. Tala ta ce in tsaya a bakin ƙofa, kada in leƙa. Ki zo ki tsaya da ni, Yaya. Ita za ta iya, ni ce ba zan iya ni kaɗai ba.

Taki,
Rasha